Sarrafa Cakulan da Alewa a Gida: Ribar Sana'ar Tana Cikin Awo

Duk wanda ya shiga babban kanti a Legas ko Fatakwal ko Abuja ya duba sashen kayan zaƙi, zai tarar da cewa mafi tsadar cakulan da ke jere a wurin daga ƙasashen Turai aka shigo da shi. Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne, mafi yawan kokon da Turawan ke sarrafawa daga Afirka ta Yamma yake zuwa, Nijeriya kuwa tana cikin masu sayar musu. Watau muna fitar da amfanin gona ɗanye, sa'an nan mu sayo shi a sarrafe da kuɗin musaya na ƙasashen waje, bayan wasu sun kwashe ribar da ke tsakani.

Haka abin yake ga kashu da riɗi. Manomin Kogi ko na Binuwai shi ke shan wahalar noma, amma babbar ribar tana ga wanda ya soya, ya sarrafa, ya naɗe a takarda mai kyau. Wani ɓangare na wannan riba ana iya riƙe shi a gida, a cikin madafa, da jari kaɗan. Sai dai sana'ar tana da sharaɗi guda, wanda shi ke raba mai ci gaba da mai karyewa: awo. Tilas a auna zafin wuta, a auna kayan haɗi, a kuma auna kuɗin da aka kashe. A kan waɗannan uku aka gina wannan darasi.

INDA KAYAN AIKI SUKE

Kokon da ake magana a nan ba na gero da ake sha da ƙosai ba ne. 'Ya'yan wata itaciya ce wadda asalinta daga Kudancin Amurka take, ta kuma shigo Nijeriya a ƙarshen ƙarni na 19. Jihar Ondo da ta Kuros Riba, musamman yankin Ikom, da Osun da Ogun da Oyo da Ekiti da Edo su ne kan gaba wajen nomansa. Da kuɗin koko Gwamnatin Jihar Yamma ta gudanar da manyan ayyukanta, ciki har da ilmin firamare kyauta da ta soma a 1955, da dogon benen nan na Cocoa House mai hawa 26 da aka kammala a Ibadan a 1965. A Ibadan ɗin ne kuma aka kafa Cibiyar Binciken Koko ta Nijeriya a 1964, wadda aikinta ya haɗa har da goro da kashu da kofi da ganyen shayi. Tun da aka rushe hukumar cinikin koko a 1986 kasuwarsa ta koma hannun 'yan kasuwa, kowa yana iya saye kai tsaye daga manomi ko dillali.

Farashin koko ba ya zama wuri ɗaya. A farkon 2023 tan ɗaya bai kai dala 3,000 ba a kasuwar duniya. A watan Maris na 2024 ya haura dala 10,000, a Disamba kuma ya haura dala 12,000, saboda rashin kyawun yanayi da cututtukan itatuwa a Kwaddebuwa da Gana, ƙasashe biyun da ke noma fiye da rabin kokon duniya. A cikin 2025 farashin ya sake saukowa ƙwarai. Darasin da mai ƙaramar sana'a zai ɗauka shi ne kada ya ɗora jarinsa duka a kan cakulan kaɗai.

Kashu ana nomansa sosai a Kogi da Oyo da Kwara da Inugu, kuma mafi yawansa ɗanye ake kai shi Biyetnam da Indiya. Riɗi yana zuwa daga Binuwai da Nasarawa da Jigawa, kwakwa daga Badagiri, gyaɗa kuwa daga jihohin Arewa, ana kuma samunta a manyan kasuwannin Kudu irin su Bodija ta Ibadan da Mile 12 ta Legas. Sukari ne kaɗai ya bambanta, domin mafi yawan ɗanyensa daga Burazil ake shigo da shi a tace a matatun Legas da Fatakwal. Saboda haka duk lokacin da darajar naira ta faɗi, mai alewa zai ji a jikinsa.

Haka zalika kasuwar ba baƙuwa ba ce. Bahaushe ya san alewar gyaɗa da kantun riɗi da kwakumeti da tuwon madara da iloka da gullisuwa. Bayarabe yana da baba dudu da sisi pelebe. Abin da ya rage shi ne a kyautata yin su, a daidaita girmansu da ɗanɗanonsu, a naɗe su yadda za su shiga kanti.

KAYAN DA AKE BUKATA

Abu biyu ne wajibi tun ranar farko: ƙaramin sikeli mai auna giram, da ma'aunin zafi na girki wanda zai iya kaiwa digiri 200 a ma'aunin Santigireti. Mudu da gwangwani da cokali ba su da tabbas, domin mudun wata kasuwa ba ɗaya yake da na wata ba, kuma wanda bai san nauyin abin da ya zuba ba, ba zai san kuɗin abin da ya fitar ba.

Bayan waɗannan sai tukunya mai kaurin gindi wadda ba ta saurin ƙona abinci, da muciya ko cokalin katako mai dogon mariƙi, da faffaɗan tire na ƙarfe, da wuƙa mai nauyi, da takardar gashi, da mazubai na roba ga mai son yin cakulan. Murhun gas ya fi gawayi dacewa, saboda ana iya rage wutarsa nan take. A keɓe waɗannan kaya ga alewa kawai. Sukari da mai suna ɗaukar wari, tukunyar da aka dafa miyar kifi a cikinta za ta tona asirin kanta.

Kafin a soma aiki a gwada ma'aunin zafin a cikin ruwa mai tafasa. A garuruwan bakin teku ya kamata ya nuna digiri 100. A wuri mai tudu kamar Jos ruwa yana tafasa a wajen digiri 96. Duk bambancin da aka gani, sai a rage shi daga alƙaluman da ke ƙasa.

MATAKAN DAHUWAR SUKARI

Alewa kowace iri sukari ce da aka narkar a ruwa, aka dafa har ruwan ya ƙone zuwa wani mataki. Gwargwadon raguwar ruwan, gwargwadon hauhawar zafin, gwargwadon kuma taurin alewar idan ta huce. Wannan ya sa ma'aunin zafi yake gaya wa mai dahuwa abin da idonsa ba zai gani ba. Wanda ba shi da ma'auni yana iya ɗiga kaɗan a cikin kofin ruwan sanyi ya taɓa da yatsa, kamar yadda iyayenmu mata suka saba.

Daga digiri 112 zuwa 116, ɗigon yana dunƙulewa ya yi laushi, yana baje a tafin hannu. Wannan shi ne matakin tuwon madara.

Daga 118 zuwa 120, dunƙulen yana riƙe siffarsa amma yana lotsawa idan an matsa. Matakin alewar madara mai taushi ke nan.

Daga 121 zuwa 130, dunƙulen yana tauri, alewar tana bukatar tauna sosai.

Daga 132 zuwa 143, ɗigon yana zama zare-zare masu lanƙwasuwa kafin su karye.

Daga 149 zuwa 154, zaren yana karyewa ƙwas kamar gilashi. Nan ne matakin alewar gyaɗa da kantun riɗi mai ƙarfi.

Daga 160 zuwa sama, ruwa ya ƙare, sukarin kansa ya soma ƙonewa, ya koma ruwan zuma, sa'an nan ja, yana ba da ƙanshin da ake kira karamel. Idan ya wuce 180 sai ya yi baƙi da ɗaci, babu abin yi sai zubarwa. Tsakanin kyau da ɓaci a wannan mataki daƙiƙoƙi ne kawai.

Babbar matsalar mai dafa sukari ita ce komawarsa gari. Ƙwaya ɗaya da ta maƙale a gefen tukunya ta faɗa ciki tana iya sa duka tukunyar ta yi tsakuwa-tsakuwa. Maganin wannan abu uku ne. Na farko, a juya har sukarin ya narke sarai kafin ya tafasa, da zarar ya tafasa kuma a daina juyawa. Na biyu, a riƙa goge gefen tukunyar da burushi mai ɗan ruwa. Na uku, a sa ruwan gulukos, wanda ake samu wurin masu sayar da kayan burodi, ko kuma ɗan ruwan lemon tsami. Tsamin yana farfasa wani sashe na sukarin zuwa ƙananan nau'i biyu waɗanda ba sa yarda sauran ya daskare. Amma idan tsamin ya yi yawa alewar za ta yi danƙo ta ƙi bushewa.

ALEWAR GYAƊA DA DANGINTA

Da wannan ya kamata sabon shiga ya fara, domin kayanta suna da araha, ba ta bukatar firji, kuma tana jure zafi.

Aikin farko shi ne tsintar gyaɗa. A baje ta a faifai a fitar da duk wadda ta yanƙwane, ko ta canja launi, ko ƙwaro ya huda, ko take da alamar funfuna. Wannan ba don kyan gani kaɗai ba ne. Akwai wata funfuna da ke kama gyaɗar da ba ta bushe sosai ba, tana barin guba mai suna afalatokzin, wadda ke lalata hanta, tana kuma da hannu a ciwon dajin hanta. Suya ba ta kawar da wannan guba, saboda haka tsinta da sayen busasshiyar gyaɗa mai kyau su ne kariya. Yara ne mafi yawan masu cin alewa, wannan kuwa amana ce a wuyan mai sana'a.

A soya gyaɗar sama-sama, a murje ɓawon, a fece. Ga awon haɗi ɗaya: sukari giram 500, ruwa mililita 125, ruwan lemon tsami babban cokali ɗaya, soyayyar gyaɗa giram 400, bota giram 30, gishiri rabin ƙaramin cokali, da sodar girki ƙaramin cokali ɗaya.

A shafa wa tire mai a ajiye kusa tun kafin a kunna wuta, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A haɗa sukari da ruwa da lemon tsami a dafa har digiri 150. A sauke, a zuba bota da gishiri da gyaɗa a juya da sauri, a ƙarshe a barbaɗa sodar. Haɗin zai kumbura ya yi kumfa, kuma wannan kumfar ce ke sa alewar ta yi saurin karyewa a baki maimakon ta cutar da haƙori. Nan take a juye a tire, a baje da bayan cokali mai mai, a tsaga layuka da wuƙa tun tana da ɗumi. Idan ta huce sai a ɓaɓɓalle. Wannan awo yana ba da kimanin giram 900.

Da wannan hanya ake yin na riɗi da na kashu da na kwakwa. Riɗi a wanke shi a rege tsakuwa kafin suya. Kwakwa a goge ta a busar da ita a wuta kaɗan-kaɗan, domin ruwan jikinta yana sassauta alewa. Kashu kuwa a sayi ɓararre. Ɓawonsa yana ɗauke da wani mai wanda ke ƙona fata, fasa shi a gida ba tare da sanin hanya ba haɗari ne.

ALEWAR MADARA MAI TAUSHI

Awo: sukari giram 400, ruwan gulukos giram 200, madarar gwangwani marar sukari mililita 400, bota giram 100, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A yi amfani da tukunyar da ta ninka haɗin sau uku, domin madara tana tasowa.

A nan dokar ta juya: tunda akwai madara, tilas a riƙa juyawa ba fasawa, a wuta matsakaiciya, don kada ta kama gindin tukunya. Launin ƙasa-ƙasa da ƙanshin da ke fitowa sun samo asali daga haɗuwar sukari da sinadarin gina jiki da ke cikin madara, abin da wani masani Bafaranshe mai suna Maillard ya bayyana a 1912. Wannan haɗuwa tana son lokaci, wanda ya ƙara wuta don ya yi sauri zai sami ƙauri a madadin ƙanshi.

Littattafan girki na ƙasashe masu sanyi sukan ce a sauke a digiri 118. A yanayinmu irin wannan alewa takan baje a cikin takarda kafin ta kai ga mai saye, saboda haka ya fi kyau a bar ta ta kai 122 zuwa 124. A juye a tiren da aka shimfiɗa wa takardar gashi, a bar ta ta kwana, a yanka, a naɗe kowane yanki daban. Wanda ya zuba dakakken kashu ko soyayyar kwakwa kafin juyewa ya sami wani nau'i mai daraja ba tare da ƙarin aiki ba.

CAKULAN

Ɗaruruwan shekaru abin sha ne kawai ake yi da koko. A 1828 ne gidan Van Houten na ƙasar Holan ya fito da injin matse mai daga ƙwayarsa. A 1847 kamfanin Fry na Ingila ya yi cakulan na ci, a 1875 Daniel Peter na Suwizalan ya haɗa shi da madara, a 1879 kuma Rodolphe Lindt ya gano cewa doguwar murza ita ke sa shi santsi. Har yau waɗannan matakai ake bi, ko a masana'anta ko a gida.

Hanya uku ke gaban mai sana'ar gida.

Ta farko ita ce farawa daga ƙwayar koko. A nemi wadda manomi ya rufe ta kwana biyar zuwa bakwai ta yi tsami kafin ya shanya, domin a wannan rufewa ne ƙanshin cakulan ke samuwa. Idan an tsaga ƙwayar aka ga cikinta ruwan ƙasa mai tsage-tsage, ta yi. Idan ruwan toka ne mai sulɓi, ba a rufe ta ba, ɗaci kawai za ta bayar. A gasa ta a zafin digiri 120 zuwa 140 na minti 20 zuwa 30, a farfasa, a sheƙe ɓawon. Kusan rabin nauyin ƙwayar mai ne, saboda haka idan an niƙa ta sai ta koma ruwa-ruwa. Ga kilo ɗaya na baƙin cakulan: tsakin koko giram 600, man koko giram 100, sukari giram 300. Ga mai madara: tsakin koko giram 250, man koko giram 200, madarar gari giram 200, sukari giram 350. Wahalar tana wajen niƙa. Harshe yana jin tsakuwar da ido ba ya gani, kuma turmi ko injin markaɗen unguwa ba za su kai laushin da ake so ba, ban da ruwa da warin barkono da ke jikin injin. Ana bukatar ƙaramin injin niƙa mai dutse wanda zai yi ta juyawa kwana ɗaya zuwa biyu, wannan kuwa yana nufin wutar lantarki marar yankewa. A yi wannan lissafi kafin a sayi injin.

Ta biyu ita ce sayen cakulan na gaske a dunƙule daga masu sayar da kayan burodi, a narkar, a zuba a mazubai ko a lulluɓe kashu da dabino da alewar madara da shi. Wannan ta fi sauƙi ga mai farawa.

Ta uku ita ce amfani da nau'in da aka yi da garin koko da daskararren man alayyadi a madadin man koko. Ya fi araha, ya fi jure zafi, narkarwa da zubawa kawai yake bukata. Sai dai ɗanɗanonsa bai kai na gaske ba, kuma bai halatta a sayar da shi da sunan cakulan tsantsa ba. Ƙa'idar abinci ta duniya ta tanadi cewa baƙin cakulan ya ƙunshi koko aƙalla kashi 35 cikin ɗari, mai madara kuma kashi 25. Man kwakwa, wanda wasu ke gwadawa, yana narkewa tun a wajen digiri 24, saboda haka abin da aka yi da shi ba ya barin firji.

Ga mai bin hanya ta farko ko ta biyu, akwai aikin da ba a tsallakewa, watau daidaita man koko. Wannan mai yana iya daskarewa ta siffa shida, ɗaya daga ciki ce kawai ke ba da sheƙi da ƙarar karyewa, ita ce kuma ke tsayawa da ƙarfi har zuwa wajen digiri 34, ta narke a baki. Don a same ta, a ɗora kwano a kan tukunyar ruwan zafi ba tare da gindinsa ya taɓa ruwan ba, a narkar da cakulan har digiri 45 zuwa 50. A sauke a riƙa juyawa har ya sauko 27 zuwa 28. A sake ɗumama shi kaɗan zuwa 31 ko 32, idan mai madara ne 29 ko 30. Wanda ya sayi dunƙulalle yana da gajeriyar hanya: ya narkar da kashi biyu cikin uku, ya sauke, ya zuba ragowar a yayyanke, ya yi ta juyawa har ya kai wancan zafi na ƙarshe. Don gwaji a tsoma bakin wuƙa a ajiye a wuri mai sanyi. Idan ya daskare da sheƙi cikin minti biyar, ya yi. Idan ya yi dushi-dushi ko zane-zane, a sake daga farko, cakulan bai lalace ba.

Abokan gaba biyu ne. Na farko ruwa: ɗigo kaɗan, ko tururi, ko jiƙaƙƙen cokali, yana dunƙule narkakken cakulan ya zama kamar tuwo. Na biyu zafin ɗaki: aikin yana son wurin da bai wuce digiri 22 ba, abin da ba a cika samu ba sai da na'urar sanyaya ɗaki ko da asubahin hunturu. Farin da ke fitowa a jikin cakulan bayan ya narke ya sake daskarewa ba funfuna ba ne, mai ne ya taso, ba ya cutarwa amma yana korar mai saye.

NAƊI DA AJIYA

Dafaffen sukari yana jan laima daga iska. Alewar da za ta yi kwanaki a buɗe a Kano lokacin hunturu, a Kalaba ko Legas da damina tana iya yin danƙo cikin yini ɗaya. Saboda haka a naɗe ta da zarar ta huce, a cikin leda mai kauri da aka liƙe bakinta, ko kwalba mai murfi. Kada a sa alewar gyaɗa a firji. Cakulan da ya zama dole a sa shi a firji, a rufe shi ruf, idan an fitar kuma a bar shi ya huce a cikin rufinsa kafin a buɗe, don kada raɓa ta sauka a kansa. A riƙa yin kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da za a sayar cikin mako biyu, domin man gyaɗa da na kwakwa suna canja wari idan sun daɗe.

Wajen lafiyar mai aiki, narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa, kuma yana liƙe wa fata. A hana yara shiga madafa lokacin dahuwa. Idan an ƙone, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi na minti 20, kada a shafa mai ko man goge baki, idan ƙunar ta yi faɗi a je asibiti.

LISSAFIN KUƊI

Nan ne yawancin masu wannan sana'a ke faɗuwa, ba a bakin murhu ba. Ga misali da haɗin alewar gyaɗa da aka bayar a sama. Alƙaluman na koyarwa ne kawai, mai karatu ya sa farashin kasuwarsa a madadinsu.

A ƙaddara sukari ya ci naira 900, gyaɗa 1,000, bota da sauran ƙananan kaya 400. Jimla 2,300. Idan an yanka giram 900 zuwa yanki mai giram 20, za a sami 45. Mai sana'ar da ta tsaya a nan za ta ga kowane yanki ya tsaya mata kimanin naira 51, ta sayar a 80, ta ɗauka tana cin riba.

Amma akwai gas na naira 300, leda da takardar suna 450, kuɗin mota 250, lalacewar kayan aiki 100, da ladan aikinta 600. Jimlar gaskiya 4,000 ke nan. Sa'an nan daga cikin 45 ɗin a ƙaddara biyar sun farfashe ko an ba da su ɗanɗano, saura 40. Kowane yanki ya tsaya naira 100. Idan ta sayar a 80 za ta karɓi 3,200, watau ta yi asarar 800 a kowane haɗi, alhali tana ganin kuɗi suna shigowa kullum. Da haka jari ke zurarewa ba a sani ba. Idan kuwa ta ba mai kanti a 130, shi ya sayar a 150, za ta karɓi 5,200, ribarta 1,200 bayan ta biya kanta lada.

Idan kasuwa ba za ta ɗauki wannan farashi ba, mafita ita ce a rage kuɗin da ake kashewa ta hanyar sayen sukari da buhu, da sayen gyaɗa lokacin kaka, da yin haɗi uku a zama ɗaya, ko a rage girman yanki a rubuta sabon nauyin a jiki. Rage inganci a ɓoye ba mafita ba ce, mai saye yakan gane ya kuma ƙaura. A riƙe littafi a rubuta kowane haɗi da abin da ya ci da abin da ya kawo, a kuma raba kuɗin sana'a da kuɗin cefane. Bashin kanti a sa masa iyaka da ranar biya.

DOKA DA KASUWA

Wanda zai naɗe abinci ya sa masa suna ya kai kanti, tilas ya yi rajista da Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna, watau NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Kafin nan sai an yi rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni. Jami'ai sukan duba wurin aiki da tsabtarsa, su kuma gwada samfurin kayan. Takardar da ke jikin kaya ta nuna sunansa, da abubuwan da aka haɗa, da nauyi, da adireshin mai yi, da lambar haɗi, da ranar yi da ranar ƙarewa. A bayyana ƙarara idan akwai gyaɗa ko kashu ko madara, domin akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarsu, har abin yakan kai ga halaka. Launi kuma kada a sa sai wanda aka yi don abinci. Hukumar Bunƙasa Ƙanana da Matsakaitan Masana'antu, watau SMEDAN, tana ba da horo da shawara ga masu irin wannan sana'a.

Kasuwar farko tana kusa: maƙwabta, da kantunan unguwa, da ofisoshi, da masu biki da suna. Lokutan Sallah da Kirsimeti da ƙarshen shekara su ne na babban ciniki, musamman ga kayan kyauta da aka jera a kwali. A nan ne kashu mai lulluɓin cakulan da dabino mai gyaɗa a ciki ke kawo farashin da alewar talla ba ta kawowa.

Shawarar da ta fi dacewa ga mai farawa ita ce ya bi abin daki-daki. Ya soma da alewar gyaɗa da ta riɗi har hannunsa ya faɗa, haɗin yau ya zama daidai da na jiya. Daga nan ya shiga ta madara. Cakulan ya zo a ƙarshe, bayan an sami masu saye tabbatattu da wurin aiki mai sanyi, injin niƙa kuma a saye shi da ribar da sana'ar ta tara. Sikeli da ma'aunin zafi da littafin lissafi kuwa a tanade su tun kafin a sayi buhun sukari na farko.